Ina shinkafarmu ta Kirsimeti?

Salama a gare ku 'yan'uwana cikin sunan Ubangiji. Na daɗe ina so in rubuta wannan shaidar, duk shekara idan Disamba ta kama sai ince bana kam zan rubuta, sai aiki ya sha kaina har a shiga sabuwar shekara ban rubuta ba. Yau dai na samu hutun kwana biyu, yara suna makaranta, gidan tsit, nace bari in zauna in faɗi abin da Allah ya yi mini, wataƙila akwai wata ko wani da ke zaune shi kaɗai a ɗaki a ƙasar mutane yana jin irin abin da na ji a 2022.

Ni 'yar Kagoro ce amma a Kafanchan aka haife ni, a can na tashi. Babanmu ma'aikacin reluwe ne, kun san Kafanchan mahaɗar jirgin ƙasa ce tun zamanin Turawa, layin da ya taso daga Fatakwal anan yake rabuwa, ɗaya ya yi Kaduna ɗaya ya yi Jos, shi ya sa garin ya tara kowa da kowa. Lokacin da muka yi wayo jirgin ya riga ya fara ja da baya amma mutanen da ya kawo suna nan. A layinmu kaɗai akwai Inyamurai masu shagon kayan mota, akwai Yarbawa, akwai Bajju, akwai Kaninkon, ga Hausawa Musulmi da katangarmu ɗaya da su, kuma duk Hausa ce ta haɗa mu, da ita ake ciniki da ita ake faɗa da ita ake shiryawa, mu har wa'azi da ita ake mana a coci.

Mu a can ba kalanda ke gaya mana Kirsimeti ta matso ba, hunturu ne. Da ka tashi da safe ka ga hazo ya rufe dutsen Kagoro, leɓe ya fara tsagewa, Mama ta fito da kwalbar basilin tana shafe mu har muna ƙyalli, toh ka san an kusa. Daidai lokacin kuma ake haƙar citta, kuma kuɗin cittar nan shi ne kuɗin Kirsimetin gidaje da yawa a wajenmu, in ta yi daraja a kasuwa kowa zai gani a jikin yara. Mama ba ta zuwa da mu kasuwa sayen takalmi. Sai ta sa mu tsaya a tsakar gida, ta zaro tsinken tsintsiya ta gwada da tafin ƙafar kowa ta karya daidai, ta ɗaure tsinkayen a bakin zani ta tafi. Kuma duk da gwajin sai ta ƙaro girma kaɗan wai dan ya kai baɗi, a cusa takarda a gaba. Yadi kuwa tun Nuwamba yake wajen tela, kullum in mun taso makaranta sai mun biya mun leƙa ko an yanka, akwai shekarar da aka kai daren 24 ana ɗinka rigar ƙanwata da fitilar ƙwai tana zaune a benci tana kuka har barci ya ɗauke ta a wajen.

Nama kuma watanda ake yi. Su Baba da abokan aikinsa suna tara kuɗi tun tsakiyar shekara, ranar 24 da sassafe a kayar da sa, a shimfiɗa buhuna a kasa shi kashi-kashi, kowane kashi da tsoka da ƙashi da kayan ciki dan kar a cuci kowa. Abu ɗaya da Baba bai taɓa sassautawa a kai ba shi ne wanda zai yanka. Dole Musulmi ne. Har kajin gida ma ba ya yankawa da kansa ranar, sai ya aike ni in kira Malam na maƙwabta, ya zo da wuƙarsa ya yi bismilla ya yanka. Na taɓa tambayarsa ina yarinya nace Baba kai ba ka iya yanka ba ne, yace na iya mana, amma abincin nan ba mu kaɗai za mu ci ba, in ka dafa abin da maƙwabcinka ba zai iya sa wa a baki ba ai ba ka dafa da shi a rai ba.

Daren 24 ba a barci. Hayaƙi ta ko'ina, ƙamshin suyar nama da cincin ya cika unguwa, yara maza suna ta fasa nokawut manya suna zaginsu. A coci kuma wasan kwaikwayon haihuwar Yesu, 'yan Sande Sukul an yafa mana tsofaffin zannuwa mun zama makiyaya, kowa a cikin maza so yake a ba shi Hirudus saboda shi ke zama a kujera yana tsawa. Kakarmu tana zaune a gaba da tsohon Littafi Mai Tsarki nata na Hausa wanda bangonsa ya rabu ta ɗaure da roba, idanunta ba sa ganin rubutun sosai amma tana bin mai karatu da baki har ƙarshen sura.

Amma ni abin da ya fi zama mini a rai a duk Kirsimeti shi ne safiyar 25. Mama tana tashi tun ƙarfe huɗu, kafin bakwai ta sauke shinkafa da miya, sai ka ga kwanukan samira a jere a tsakar gida sun fi goma sha biyar, kowanne da gidan da za shi. Ta zuba shinkafa, ta malala miya, ta ɗora nama, ta rufe, ta ɗaure da kyalle mai tsabta, cincin a leda a sama. Mu ba a ba mu namu sai mun gama rabo. Kwanon farko kuwa ko da yaushe na gidan Hajiya ne, maƙwabciyarmu ta bayan katanga, kuma shi ya fi kowanne nama. Ita Hajiya tun saura mako guda take leƙo kai ta saman katanga tace Maman yara, ina fa shinkafarmu ta Kirsimeti, kar a manta da mu, Mama tace haba Hajiya, ko na manta da kaina ai ba na manta da ke ba. In na kai kwanon sai ta juye ta wanke da kanta, ba ta taɓa mayar da shi haka nan ba, ko ƙwai ko goro ko 'yan sulalla a ciki, ta dafa kaina tace Allah ya maimaita mana, Allah ya yi miki albarka. Da Sallah kuma 'ya'yanta ne ke sallama a ƙofarmu da waina da miyan taushe, da babbar Sallah harda cinyar rago.

Daga nan sai coci, wanda ranar ba ya ɗaukar mutane sai an kafa rumfa a waje, saboda duk 'yan garin da ke aiki a Legas da Abuja da Kano da Kaduna sun dawo gida. Zumuntar Mata sun sha anko, ana buga tulu ana kaɗa kacau-kacau, baiko ma da rawa ake kai shi layi-layi, sujadar da aka fara tara sai ɗaya ko biyu a tashi kuma babu mai duba agogo. Da yamma yawon Kirsimeti, mu bi gida-gida da tabaran roba a ido, duk inda muka shiga sai an zaunar da mu an ba mu abinci, babu wanda ya gayyace mu kuma babu wanda ya tambaye mu me ya kawo mu. Hidimar ba ta ƙarewa sai ranar 1 ga Janairu da muke tafiya Kagoro bikin Afan, maharba da masu rawa su cika filin fada, na ga marigayi Gwamna Awan da idona yana karɓar gaisuwa, mutumin da ya yi sarautar Kagoro tun 1945 har 2008.

Maƙwabtanmu Inyamurai su nasu daban ne, daga 20 ga wata sun rufe shago sun ɗaure kaya sun hau doguwar mota sai gabas, ko za su kwana a go-sulo a gadar Neja sai sun je, sai Janairu mu sake ganinsu. Da na yi bautar ƙasa a Kuros Riba na ga kanibal ɗin Kalaba, tituna cike da masu rawa da ado kala-kala tun rana har dare, abin kallo ne na gaske. Kowane yanki da yadda yake yi, amma ko'ina dai magana ɗaya ce, mutum ya koma inda aka san shi.

Ba zan ɓoye ba, abubuwa sun canja tun kafin in bar ƙasar. Rikicin bayan zaɓe na Afrilun 2011 ya taɓa Kafanchan sosai, kasuwa ta ƙone, an rasa rayuka ta kowane ɓangare, bayan nan mutane suka fara jan jiki kowa ya koma inda nasa suka fi yawa. Su Hajiya ma suka tashi suka koma wancan gefen garin. A Kirsimetin wannan shekarar ne kuma bam ya tashi a cocin Katolika na Madalla, tun daga nan aka fara binciken mutane a bakin ƙofar coci, 'yan Brigedi su tsaya da na'ura, a hana mata shiga da manyan jakunkuna. Duk da haka safiyar 25 Mama ta ɗaure kwanon Hajiya kaman kullum, ta tare ɗan acaba ta biya shi ta kwatanta masa gidan. Yayana yace Mama a wannan yanayin, tace a wannan yanayin ne ma ya fi kamata. Da yamma kwanon ya dawo da ƙwai shida a ciki.

Toh a watan Oktoban 2022 na sauka Ingila da bizar aikin kula da tsofaffi. Mun sayar da filinmu mun ci bashi kafin abin ya yiwu, maigidana da yaranmu biyu suka zauna a gida sai na daidaita. Aka kai ni Manchesta, ɗaki ɗaya a gidan haya da mutanen da ban sani ba. Tun Nuwamba gari ya ɗau ado, fitilu ko'ina, kasuwar Kirsimeti a tsakiyar birni, shaguna sai waƙoƙi suke sakawa, nace a raina lallai mutanen da suka kai mana bishara za su nuna mini yadda ake Kirsimeti. Da jadawalin aiki ya fito na ga an sa ni ranar 25, awa goma sha biyu, ban yi musu ba, ni sabuwa ce ba ni da kowa a nan, kuma ana ƙara kuɗi ranar, ga bashi yana jirana.

Abin da babu wanda ya gaya mini sai ana gobe shi ne ranar Kirsimeti a ƙasar nan kusan komai tsayawa yake. Babu jirgin ƙasa, babu taragon cikin gari, bas ɗin da nake hawa ma ba ya fitowa, manyan shaguna duk a rufe. Kuɗin tasi kuwa ya ninka. Ranar Lahadi ce ta kama a shekarar. Na fito ƙarfe bakwai saura, gari duhu ƙirin dan a Disamba rana ba ta fitowa sai bayan takwas, na taka da ƙafa kusan awa guda cikin sanyin da ke shiga har ƙashi. 'Yan'uwa ban gamu da mutum biyar ba a hanya. Gidaje ga su a jere, kowace taga da bishiya mai fitilu a ciki, amma ƙofofi a rufe ruf, babu hayaƙi, babu ƙamshin suya, babu yaro ɗaya da kwano a kai. Najeriya tana gaban mu da awa ɗaya a lokacin sanyi, ina tafe ina lissafi, yanzu Mama ta sauke miya, yanzu ta ɗaure kwanon Hajiya, yanzu 'yata tana sa sabon takalminta.

A wajen aiki an yi ƙoƙari, gaskiya ba zan ƙi faɗa ba. An yi ado, an gasa talo-talo da dankali, an sa wa tsofaffi hular takarda mai kama da kambi. Wasu 'ya'yansu sun zo da jikoki da kyaututtuka, wasu an zo an ɗauke su, wasu kuma babu wanda ya leƙo su. Akwai wata tsohuwa da nake kula da ita wadda mantuwa ta ci ƙarfinta, ko sunana ba ta riƙewa, ina ba ta abinci a baki sai mawaƙan coci suka fara wata waƙa a talabijin, ta tsaya da tauna ta fara bin su kalma bayan kalma ba ta ɓata ko ɗaya ba. Muryar waƙar kuwa na san ta, tana cikin Littafin Waƙoƙi, da ita muka tashi. Ban san lokacin da na fara rerawa da Hausa ba ƙasa-ƙasa, ita da Turanci ni da Hausa, ta riƙe mini hannu gam har aka gama. Ƙarfe uku aka tara kowa a falo dan jin jawabin Sarki Charles, na farkonsa kenan bayan rasuwar mahaifiyarsa a Satumba. Kafin ƙarfe huɗu gari ya sake yin duhu.

Daga baya na gane ba wai Turawa ba su da ƙauna ba ne, nasu bikin na cikin gida ne, iyali su kulle ƙofa su zauna tare, kuma duk wanda zai zo an san da zuwansa tun makonni. Sai dai tsarin nan ba shi da gurbin baƙo. In ba ka cikin lissafin kowa toh ba ka ciki, shikenan.

Na tashi aiki ƙarfe takwas na dare na sake takowa gida. Na kunna hita na minti kaɗan na kashe saboda tsadar wuta a shekarar, na dafa Indomie na kasa ci. Na buɗe waya, saƙonni sun fi hamsin a WhatsApp, Anti barka da Kirsimeti ina goronmu, Anti ga lambar akawun ɗina, Anti an ce fam ɗaya ya kai naira 900. Banda Mama da maigidana babu wanda ya tambaye ni ko na ci abinci. Maigida ya turo mini bidiyon yara a coci suna haddar aya, ƙaramin yana ta waige-waige kaman yana nemana a cikin jama'a. Nan fa na zube a ƙasa na yi kukan da ban taɓa yi ba tun rasuwar Baba. Nace ya Ubangiji me na zo yi a nan, na bar 'ya'yana na bar uwata na zo inda ko barka babu mai ce mini, in kuskure na yi ka nuna mini in tattara in koma ko da bashin zai kashe ni.

Ina nan a ƙasa wajen ƙarfe tara da rabi waya ta yi ƙara. Wata baiwar Allah ce 'yar Katsina, malamar jami'a ce da ta zo karatun digiri na uku da yaranta. Sau ɗaya muka taɓa haɗuwa, a wani shagon kayan abincin Afirka a Moston, na ji tana yi wa ɗanta faɗa da Hausa na kasa daurewa na yi mata sallama, muka yi musayar lamba, tun ranar ba mu sake magana ba. Na share hawaye na ɗauka. Ko gaisuwa ba ta gama ba tace, haba 'yar'uwa, tun safe muke zuba ido ni da yara, ina shinkafarmu ta Kirsimeti?

Na kasa magana. Kalmomin Hajiya ne sak, har yadda take jan muryar. Da ta ji shiru ta ji ina shessheƙa tace subhanallahi, lafiya, me ya faru, na gaya mata komai tun daga tafiyar safe. Ta yi shiru kaɗan sannan tace ita a barikin soja ta tashi a Kaduna, maƙwabtansu Kirista ne, ba ta taɓa sanin ranar Kirsimeti an ɗora tukunya a gidansu ba, shekararta uku a ƙasar nan duk ranar 25 sai ta ji wani iri, shi ya sa da ta tuna da ni ta kira da wasa. Tace gobe kina aiki, nace a'a, tace toh ki shirya ƙarfe goma ina ƙofar gidanku, Kirsimeti ai ba ta wuce ba.

Washegari ta zo da 'yar motarta, muka je Cheetham Hill wajen mahauta masu naman halal na sayi kaza biyu da naman rago, ina biya ina tuna Baba da wuƙar Malam. A kicin ɗinta na yi girkin, shinkafa da miya irin ta Mama, na murza cincin yaranta suna yanka mini suna cinye rabi tun yana da zafi. Da lokacin azahar ya yi ta shiga ta yi sallarta ni ina juya miya, da muka zauna ci na sunkuyar da kai na yi addu'ata suka jira ni. Na kira Mama ta bidiyo na nuna mata, ta ɗaga hannu sama tana ta godiya, tace Malama Allah ya saka miki, kin zama 'yata daga yau, ita kuma tace amin Mama, ai mu ne da godiya. Da dare na koma ɗakina na buɗe Luka sura 2, na tsaya a aya ta 7 inda aka ce an kwantar da shi a komin dabbobi saboda babu wuri dominsu a masauki. Na karanta ayar nan ya fi sau ɗari a rayuwata, na haddace ta tun ina Sande Sukul, amma sai a daren na san cewa wanda muke wa bikin shi ma baƙo ne a garin da kowa ya rufe ƙofarsa. Na gode masa, dan na roƙe shi amsa kuma ya aiko mini da ita da Hausa, ta bakin wadda ban zata ba.

A sabuwar shekara na samu wata 'yar zumunta ta 'yan Arewa, mutanen Filato da Kudancin Kaduna da Gombe da Adamawa, muna haɗuwa lokaci-lokaci mu yi waƙa da addu'a da Hausa. A nan na ga yadda namu ke yi a waje. Saboda yawancinmu aikin asibiti da kula da tsofaffi muke, da wuya kowa ya samu hutu ranar 25, sai a zaɓi wata Asabar a kama zaure, kowace mace ta zo da kularta, wannan dafa-duka, wannan gwate, wannan tuwon acca, wannan zoɓo da kunun gyaɗa. Maza har watanda suke yi, su haɗa kuɗi su sayi rago ko akuya wajen mahauci a raba. Daren 31 kuma cocin 'yan Najeriya ko'ina cike yake, musamman na Redeemed da suke da rassa da yawa, a tsallaka shekara a gaban Ubangiji kaman yadda aka saba a gida. Masu hali su kan tafi gida, amma tikitin Disamba ba na kowa ba ne, iyali mai mutum huɗu sai sun yi shekara suna tari. Kuma mu 'yan Arewa ba Legas za mu tsaya shagali ba, in ka sauka Abuja akwai sauran tunanin hanya a gabanka.

Allah ya taimake ni maigida da yara suka iso a 2023, kafin dokar Maris ɗin 2024 da ta hana sababbin masu irin aikina kawo iyali. Na san mata da yawa da suka zo bayana waɗanda har yau 'ya'yansu sai ta waya, ina sa su a addu'a kullum dan na ɗanɗana. Kirsimetin 2023 na ɗauka zai zama na murna zalla, sai ga labarin hare-haren Bokkos da Barikin Ladi, an kashe mutane fiye da ɗari a daren jajibiri. Wata 'yar'uwa a zumuntarmu 'yar can ce, tun asuba take kiran gida waya ba ta shiga. Abincin da muka dafa na biki can gidanta muka kwashe muka kai, muka zauna da ita a ƙasa kwana uku kaman yadda ake zaman makoki a gida. Malama ma ta zo da kular kunu ta zauna tare da mu.

Saƙonnin goron Kirsimeti kuwa, da suna ɓata mini rai, yanzu na daina jin haushinsu. A 2023 aka cire tallafin mai, a shekarar ne kuma cuta ta faɗa wa citta a Kudancin Kaduna gonaki suka ruɓe, harda 'yar gonar Mama. Zuwa ƙarshen 2024 buhun shinkafa ya doshi naira dubu 100, kuma a Disambar wannan shekarar ta 2024 ne mutane suka mutu a turmutsutsun rabon abinci a Ibadan da Okija da Maitama, yawanci mata da yara. Da na ga hotunan nan na zauna na yi tunani, wanda ya turo mini lambar akawun ba rashin kunya ba ne, shi ma so yake ya ɗora tukunya yaransa su ji ƙamshi kaman na kowa. Ba na iya ba kowa, ni ma haya da haraji suna jirana, amma tun Satumba nake ware wani abu, kuma kuɗin watandar Mama shi ne farko.

Bara na ce wa yarana za mu yi rabo a layinmu. Babbar tace Mami a nan ba a yin haka, za su ɗauka wani abu ne, kunya nake ji. Nace ɗauki mu je, ni ma da shekarunki na fara. Gida shida muka ƙwanƙwasa ranar 24 da yamma. Biyu ba su buɗe ba. Wani dattijo da ke zaune shi kaɗai a gidan da ke kallon namu ya buɗe kaɗan yana mana kallon mamaki, ya tambaya nawa ne, nace kyauta ce, haka muke yi a garinmu. Ya tambaya ko akwai gyaɗa a ciki dan jikinsa ba ya so, nace babu, tun daga nan na koyi rubuta abin da ke cikin abincin a 'yar takarda in manna a murfi. Bayan kwana biyu muka ji ƙwanƙwasa, shi ne, ya dawo da robar a wanke, da kati da 'yan kek ɗinsu na Kirsimeti guda shida a ciki, yace yajin ya sa shi hawaye amma ya cinye tas. 'Yata ce ta karɓa, ta juyo tana ce mini Mami kin ga bai dawo da ita haka nan ba.

Bana zan yi Kirsimeti na huɗu a ƙasar nan, har yanzu ban taka gida ba. Malama ta gama karatunta ta koma Katsina da damina, ita ta tafi wa Mama da rigunan sanyi da man zafi. Shekaranjiya ta kira ni tace toh 'yar'uwa, bana wa zai ba mu shinkafa. Na gaya wa Mama jiya da dare muna hira, ina cewa kin ji Malama da zolaya. Mama ba ta yi dariya ba, tace shinkafa ba za ta kai Katsina ba ta lalace, amma cincin da soyayyen nama za su kai, in turo mata lambar Malama ta ba direba a tasha. Na tambaye ta Hajiya fa, tace tana nan, tsufa ya kama ta haƙora sun zube, yanzu nata daban take dafawa ya yi laushi sosai, naman ma sai ta daka mata a turmi kafin ta ɗaure kwanon.